Kwalli, Jar Ƙasa da Jibda: Waiwaye a kan Tarihin Kayan Kwalliya a Mubi da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kamfanonin kayan shafa na Turai da Amurka sun daɗe suna tallata hajarsu da wasu kalamai guda biyu. Na farko shi ne cewa hodarsu da janbakinsu da jagirarsu an haɗa su ne da ma'adinan ƙasa zalla. Na biyu kuwa shi ne cewa ba a azabtar da wata dabba ba wajen haɗa kayan ko wajen gwada su. Waɗannan kalamai sun iso kasuwanninmu a jikin kwalaye da kwalabe, kuma masu talla kan juya su zuwa Hausa gwargwadon fahimtarsu, wani ya ce "na gargajiya", wani ya ce "na asali", wani kuma ya ce "ba sinadari a ciki". Mai saye yakan ɗauka cewa duk abin da aka kira da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba ya cutarwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wasu kayan kwalliya waɗanda Hausawa da maƙwabtansu suka sani tun kafin zuwan Turawa, musamman kwalli da jar ƙasa da jibda, domin a ga daga ina suke zuwa, da wane suna aka san su, da kuma abin da ilimin zamani ya gano game da su. An zaɓi Mubi ta jihar Adamawa a matsayin dandalin nazari saboda gari ne da al'adun kwalliya iri biyu suka yi kiciɓis a cikinsa, wato ta mutanen duwatsun Mandara da ta Musulmin da suka zo ta hanyoyin fatauci. A ƙarshe maƙalar za ta nuna cewa akwai wani ruɗani na suna a cikin batun kwalli, wanda illarsa take komawa kan lafiyar ƙananan yara, kuma warware shi aiki ne da ya shafi masana harshe kai tsaye.

2.0 Mubi a Matsayin Mahaɗar Hanyoyi

Mubi tana gindin duwatsun Mandara ta yamma, a bakin kogin Yedseram, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Yankin gida ne ga al'ummomi da dama, kamar Gude da Fali da Nzanyi, sannan ga Margi da Higi, waɗanda ke kiran kansu Kamwe, daga arewa. Bayan jihadin ƙarni na 19, Mubi ta zama ɗaya daga cikin ƙananan masarautun Fulani da ke bin Fombina, daular da Modibbo Adama ya kafa, wadda ta mayar da Yola hedkwatarta a 1841. Babbar hanyar da ta haɗa Borno da Yola ta ratsa ta wannan yanki, kuma ita ce Heinrich Barth ya bi a watan Yuni na 1851, ya yada zango a Mubi kafin ya ƙetare Binuwai ya isa Yola. Fataken Hausa da na Borno sun riƙa bin irin waɗannan hanyoyi zuwa Adamawa neman hauren giwa da bayi, suna ɗauke da tufafi da duwatsun ado da turare da sauran kayan koli.

Zamanin mulkin mallaka ya ƙara wa garin wannan siffa ta mahaɗa. Jamusawa sun mamaye Mubi a 1903, ta shiga cikin Kamarun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, inda Arewacin Kamaru ya zaɓi zama cikin Nijeriya. Daga nan aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Ta shiga jihar Arewa maso Gabas a 1967, jihar Gongola a 1976, sannan jihar Adamawa a 1991. A cikin wannan tsawon lokaci Hausa ta yi ta samun gindin zama a kasuwa tare da Fulatanci, har ta zama harshen da mai saye da mai sayarwa suke haɗuwa a kansa ko da kowannensu yana da harshen gidansu. Saboda haka sunan da ɗan koli ya kira hajarsa da shi a Hausa, shi ne sunan da Bagude da Bafulatani da Bamargi za su tafi da shi gida.

3.0 Kalmomin Kwalliya da Asalinsu

Hausa tana da kalmomi biyu na abin da ake zizarawa a ido, wato kwalli da tozali. Ana danganta kwalli da kalmar Larabci kuhl, wadda kuma daga gare ta ne harsunan Turai suka samo sunan da suke kiran ruhin barasa da shi, bayan ma'anar ta tashi daga "gari mai laushi" ta koma "abin da aka tace". Tozali kuwa ana danganta shi da tazult ko tazolt na harsunan Barbar, ciki har da harshen Buzaye. Zaman waɗannan kalmomi biyu gefe da gefe yana nuni da hanyoyi biyu da al'adar ta bi ta shigo, wato hanyar malamai da littattafan Larabci, da hanyar ayarin Azbin. Ga dukkan alamu kalmar kwalliya kanta 'yar gidan kwalli ce, domin adon ido shi ne farkon ado. Haka kuma a maganar yau da kullum akan ce "na yi tozali da shi", ana nufin na yi ido biyu da shi, ko idona ya faɗa kansa.

A Fulatancin Adamawa ana kiran kwalli pinari, Yarbawa suna cewa tiro, Ibo kuwa otanjele. Lalle ma kalma ce mai yawo: Fulani da Barebari suna cewa nalle, Yarbawa suka ari laali. Jibda daga zabad na Larabci take. Akwai wasu kalmomi biyu da tarihinsu yake da ban sha'awa ga wannan nazari. Ta farko ita ce tutiya, wadda a Hausa take nufin wani farin ƙarfe, alhali a wajen likitocin Larabawa na da, tutiya garin wannan ƙarfe ne da ake maganin ciwon ido da shi. Ta biyu ita ce sinadari, wadda asalinta nushadir ne na Larabci, sunan wani gishiri guda ɗaya da maƙeran fari suke amfani da shi wajen lanƙaya ƙarfe da ƙarfe. A yau ma'anar sinadari ta faɗaɗa ta game duk wani abin haɗi, har ta fara ɗaukar ma'anar "abu na bature mai cutarwa" a bakin masu talla. Wannan sauyin ma'ana shi ne ya sa jimlar "ba sinadari a ciki" take sanyaya zuciyar mai saye, duk da cewa babu wani dutse ko ganye a duniya wanda ba sinadarai ne suka haɗu suka yi shi ba.

4.0 Ma'adinai da Tsirrai

4.1 Kwalli

Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya lissafa kwalli da kuza a cikin kayan da ya gani a kasuwar birnin, ya kuma bayyana cewa dukkansu daga cikin ƙasar ake samo su. Sunan da ya ba kwalli shi ne antimoni, kuma wannan suna ne yawancin Turawan da suka biyo bayansa suka ci gaba da amfani da shi. Sai dai binciken ma'adinai ya tabbatar da cewa dutsen da ake haƙa a kwarin Binuwai galina ne, wato haɗin dalma da farar wuta. Ana samunsa a Zurak ta ƙasar Wase a jihar Filato, da Arufu da Akwana a yankin Wukari, da kuma kewayen Abakaliki a kudu maso gabas. Da yake galina kan zo da ɗan burbushin azurfa a jikinsa, kamfanin Turawa na Neja ya gwada haƙar azurfa a Arufu a ƙarshen ƙarni na 19, a wurin da mutanen ƙasa suka riga suka san shi da dutsen kwalli.

Daga waɗannan mahaƙai fatake suke ɗaukar dutsen zuwa manyan kasuwanni, 'yan koli su rarraba shi ƙauye-ƙauye. Mace takan niƙa shi a dutse har ya yi laushi, ta zuba a tandu, wato 'yar ƙaramar kwalbar fata da ake yi da ɗanyen ƙirgi, ta riƙa zizarawa da ɗan tsinke. Kwalli bai tsaya ga mata ba. Dattawa da malamai sukan sa shi ranar Juma'a da ranakun Salla, ana kuma sa wa jariri tun yana ɗan kwanaki, da niyyar ido ya washe.

Addini ya ƙara wa wannan al'ada daraja. Tirmizi da wasu malaman hadisi sun ruwaito kwaɗaitarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan yin kwalli da ismid, saboda yana ƙara hasken gani, yana kuma tsirar da gashin ido. A fikihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wadda ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa da Adamawa, kwalli yana cikin adon da mai takaba za ta nisanta tsawon wata huɗu da kwana goma. Wannan ya nuna matsayinsa a matsayin ado cikakke a idon shari'a. Abin lura a nan shi ne, ismid a bayanin da ya fi shahara dutsen antimoni ne, wanda ya sha bamban da galina a sinadarinsa, ko da yake sun yi kama a ido, dukkansu masu nauyi ne, masu ƙyalli, masu launin toka-toka.

4.2 Jar Ƙasa

Al'ummomin duwatsun Mandara suna da nasu ado na ma'adini tun kafin kwalli ya yawaita a tsakaninsu. Masu nazarin al'adun yankin sun bayyana yadda ake kwaɓa jar ƙasa da mai, musamman man 'ya'yan maɗaci, a shafe jiki da gashin kai da ita a lokutan bukukuwa, kamar na shigar samari cikin manya da na amare. Jar ƙasa tana samun launinta ne daga tsatsar ƙarfe, kuma yankin ƙasar tama ce: Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta shahara da narkar da tama. Wannan ado yana daga cikin mafi tsufa a tarihin ɗan Adam, domin a kogon Blombos na Afirka ta Kudu an tono kayan kwaɓa jar ƙasa masu kimanin shekara 100,000.

Da Musulunci da Kiristanci suka bazu a duwatsun, tufafi suka rufe jiki, sai shafa jar ƙasa ya ja baya, ya zama abin da ake dangantawa da zaman ƙauye. Amma kuma tsatsar ƙarfe ita ce take ba hodar ma'adinai ta zamani launinta na ja da rawaya da ruwan ƙasa. Wato abin da aka raina a jikin amaryar dutse shi ne ya dawo a cikin kwali da tsada.

4.3 Tsirrai

Ba za a fahimci matsayin ma'adinai ba sai an sa su kusa da tsirrai, domin su ne mafi yawan kayan kwalliyar gargajiya. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da Hausa a littafinsa na 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a na 1937. Daga cikin na ado akwai lalle na ƙunshi, da katambiri da gauɗe waɗanda ake zana baƙin layi a fuska da ruwan 'ya'yansu, da majigi mai jan launi, da shuni na gashi, da furen taba da ake goge haƙora da shi tare da goro, sannan man kaɗe na shafawa. Daga wajen Borno da Sudan kuma dilka da humra da turaren wuta suka shigo.

5.0 Jibda da Haƙƙin Dabba

Wanda ya ɗauka cewa kwalliyar gargajiya ba ta taɓa dabba ba, tarihin jibda zai ba shi amsa. Jibda wani maiƙo ne mai ƙarfin wari da tunkun jibda yake tarawa a wata 'yar jaka kusa da gindin wutsiyarsa. Idan aka tsarma shi ya zama turare, yana kuma riƙe ƙamshin sauran turaruka ya daɗe. A lokacin da Clapperton ya sauka a Sakkwato a 1824, ya ziyarci Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya hau gadon sarauta a 1837. Ya ba da labarin cewa Atiku yana kiwon tunkun jibda 200, kowane a kejinsa na itace, ana ciyar da su da dakakkiyar dawa da busasshen kifi, kuma bayan kowace kwana biyu akan takure dabbar a kusurwar keji, a danne kanta da sanda, a kankare jibdar. Wannan bayani ya nuna cewa jibda sana'a ce ta manya mai jari, kuma ya nuna irin wahalar da dabbar take sha.

Ban da jibda, akwai almiski da ake samu daga wata barewar duwatsun Asiya, wadda a da sai an kashe ta ake ciro shi, da kuma farce, wato murfin wani dodon koɗi na teku, wanda masu haɗa humra da turaren wuta suka sani sarai. Ƙasar Habasha ce ta fi shahara da kiwon tunkun jibda da fitar da jibda zuwa kamfanonin turare na Turai. A 1926 masanin sinadarai Leopold Ruzicka ya gano tsarin ƙwayar da take ba jibda ƙamshinta, abin da ya buɗe hanyar haɗa kwatankwacinta a masana'anta, har yawancin masu turare suka koma ga na haɗi.

Tausayin dabba ba baƙon abu ba ne a cikin tunanin Musulmin wannan ƙasa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Muslim ya ruwaito hani a kan yi wa dabba lalas a fuska. Saboda haka ma'aunin da za a auna kejin tunkun jibda da shi yana nan a cikin littattafan da malaman Sakkwato suke karantarwa. Batun kuma bai zama tarihi kawai ba. Buƙatar fatar jaki a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a fitar da wani danƙo na magani da gyaran jiki, ta sa jakuna suka yi ta ƙaranci a Afirka ta Yamma, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su domin fata a watan Fabrairun 2024.

6.0 Yadda Batun Ya Taso a Amurka da Turai

Gwada kayan shafa a jikin dabbobi ya samo asali ne daga wani bala'i na ido. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da wasu mata a Amurka, abin da ya taimaka wajen kafa dokar abinci da magani da kayan shafa ta 1938. A 1944 John Draize, ma'aikacin hukumar da ke kula da wannan doka, ya fito da gwajin da ake ɗiga abu a idon zomo a duba irin ɓarnar da zai yi. Wato an tsare idon mutum da idon zomo. Daga baya mutane suka fara ƙyamar wannan hanya. Muriel Dowding ta kafa ƙungiyar Beauty Without Cruelty a Ingila a 1959. A 1980 Henry Spira ya jagoranci gangami a kan kamfanin Revlon, har kamfanin ya ba Jami'ar Rockefeller dala 750,000 domin a nemo wata hanyar gwaji. Ingila ta daina ba da izinin irin wannan gwaji a 1998. Tarayyar Turai ta hana gwada kammalallun kaya a 2004, ta hana gwada kayan haɗi a 2009, sannan a watan Maris na 2013 ta hana sayar da duk kayan shafan da aka gwada a jikin dabba. Indiya ta bi sahu a 2014.

Ita kuwa hodar ma'adinai, kamfanin Bare Escentuals da aka kafa a 1976 yana cikin waɗanda suka yayata ta, musamman daga tsakiyar shekarun 1990. Kayan haɗinta su ne maika mai ƙyalli, da farin garin taitaniyam, da farin garin tutiya, da tsatsar ƙarfe. Akwai abubuwa biyu da talla ba ta cika faɗa ba. Na ɗaya, dokar Amurka ta tanadi cewa tsatsar ƙarfen da za a sa a kayan shafa ta zama wadda aka haɗa a masana'anta, tare da ƙayyade yawan dalma da sauran ƙarafa masu guba da za a lamunta a cikinta, domin wadda aka haƙo daga ƙasa takan zo da su. Na biyu, binciken 'yan jarida, ciki har da na kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2016, ya tona yadda ƙananan yara suke haƙar maika a ramuka a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya, wasu har rami ya rufta da su. Ke nan kwali yana iya ɗaukar hoton zomo a matsayin shaidar ba a cuci dabba ba, alhali gumin yaro yana cikinsa.

7.0 Dalma a Cikin Kwalli

Tsantsar galina tana ɗauke da dalma kimanin kashi 86 cikin ɗari na nauyinta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma fiye da ƙima a jinin wani jariri ɗan wata shida, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka sayo a Ilorin, kuma awo ya nuna kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton a 2012, ta kuma ambaci sunayen tiro da tozali da kwalli a ciki. Binciken da aka gudanar a kan kwallin kasuwannin Oman da Alƙahira shi ma ya nuna cewa yawancin na dutse galina ne, antimoni kuwa da wuya a same shi. Amurka ba ta yarda a shigo da kwalli a matsayin kayan shafa ba.

Hanyar da dalmar take shiga jiki sananniya ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, kuma hawaye yakan gangara da garin ta 'yar kafar da ta haɗa ido da hanci har zuwa maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba yake tsotsa. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta kawo ƙarancin jini, kuma takan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, ta fito lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Mutanen Arewa sun ga mafi munin fuskarta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Abin da kwalli yake kaiwa jiki bai kai wancan yawa ba, shi ya sa ba a ganin illarsa nan take. Yaron da ta taɓa yakan taso ne kurum da nauyin karatu, a ce haka Allah ya yi shi. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.

Irin wannan matsala ta shafi lalle ma. Ganyen lalle ja yake rinawa. Abin da ake kira baƙin lalle yawanci an haɗa shi ne da sinadarin rinin gashi, irin wanda ya yi ɓarna a cikin Lash Lure, kuma yana iya tayar da ƙuraje da bororo a fata. Sunan lalle ne ya rufa masa asiri.

8.0 Aikin da Ke Gaban Masana Harshe

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kalma ɗaya, kwalli, tana ɗauke da abubuwa aƙalla uku: dutsen galina, da dutsen ismid, da baƙin gari na kunkunniya ko gawayi da ake kwaɓawa da mai. Uwar da ta ji a wa'azi cewa kwalli sunna ne, ta je ta sayi kwalli a wajen ɗan koli, ba ta da wata hanya ta sanin cewa abin da ke tandunta ba shi ne ismid ɗin da hadisi ya ambata ba. Malamin da ya fassara ismid da kwalli bai yi kuskure a lugga ba, domin kalmar da harshen ya ba shi ke nan. Haka ma ma'aikacin lafiya da ya fito ya ce kwalli guba ne, za a ɗauka yana sukar sunna, a toshe kunne. Giɓin yana cikin ƙamus.

Saboda haka ana ba da shawarar a rarrabe sunayen a rubuce-rubuce da shirye-shiryen rediyo da littattafan makaranta, a riƙa cewa kwallin dalma, da kwallin ismid, da kwallin kunkunniya, tare da bayyana cewa ido ba ya iya bambance su, kuma rubutun kwali ba hujja ba ne, sai awon ɗakin gwaji. Wannan awo aikin hukumar NAFDAC ne, wadda aka kafa a 1993 kuma kayan shafa suna cikin huruminta. Kafin a sami tabbaci, abin da ya fi aminci shi ne a nisanta kwallin dutse daga idon jarirai da mata masu ciki.

Haka nan ya kamata a rarrabe ma'anoni uku da talla take cakuɗawa. "Ba a gwada shi a jikin dabba ba" magana ce a kan hanyar gwaji. "Babu wani sashe na dabba a cikinsa" magana ce a kan kayan haɗi, domin janbaki yana iya tsallake gwajin zomo amma jan launinsa ya fito daga wani ƙwaro da ake niƙawa. "Halal ne" kuma hukunci ne na shari'a mai nasa sharuɗɗa. Ita ma kalmar "na gargajiya" tana faɗin tsufan abu ne kawai, ba ta faɗin lafiyarsa. Gari irin Mubi, inda Hausa take ɗaukar saƙo zuwa ga masu Fulatanci da Gude da Fali da Margi da Kamwe, yana buƙatar a tattara sunayen waɗannan kaya a kowane harshe, domin gyaran da aka yi a Hausa ya isa ɗakin da ake yi wa jariri wanka. Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a Mubi a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, wurare ne da masu nazarin harshe da masu nazarin sinadarai za su iya haɗa hannu a kan wannan aiki.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ado da ma'adinai tsohon abu ne a Mubi da ƙasar Hausa, yana da mahaƙansa a kwarin Binuwai, da fatakensa, da kalmominsa da suka zo daga Larabci da harshen Buzaye. Ta kuma nuna cewa tambayar haƙƙin dabba a cikin kwalliya ta shafi tarihinmu tun daga kejin tunkun jibda na Sakkwato a 1824, kuma addini ya riga ya tanadi ma'aunin amsa ta. Abu mafi muhimmanci shi ne cewa dutsen da aka fi sani da kwalli a wannan ƙasa dalma ce mafi yawansa, kuma haɗa shi da ismid a ƙarƙashin suna ɗaya yana hana gargaɗi isa inda ake buƙatarsa. Ana fata masu tsara ƙamus da masu fassara da malaman addini da ma'aikatan lafiya za su zauna su daidaita waɗannan kalmomi, domin kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba tare da yaro ya biya da ƙwaƙwalwarsa ba.